Kwalejin Katsina Da Yadda Aka Reni Shugabannin Makarantu A Arewa

Ina roƙon Edita ya ba ni fili in ɗan taɓo wani yanki na tarihin ilmin boko a Arewa. Akwai abin da ya shafe mu a cikinsa, mu da neman abinci ya kawo Kurmi muka zauna har muka hayayyafa.

Kowa ya san Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Hotunansu na rataye a shagunanmu, biyu daga cikinsu ma suna jikin takardun kuɗin da muke ciniki da su, Tafawa Ɓalewa a naira 5, Sardauna a naira 200. Sai dai ba kowa ya lura ba cewa sana'arsu ta farko guda ce, wato koyarwa. Kowannensu ya riƙi alli ya tsaya gaban aji kafin ya san kujerar mulki, kuma makaranta guda ce ta yaye su, wasu tun tana Katsina, wasu bayan ta koma Kaduna. To, yaya aka yi makarantar gwamnati guda ɗaya, mai ginin ƙasa, ta fid da irin waɗannan mutane? Kuma me ya sa yau da kwalejoji suka yi birjik, ake fama a samo wanda zai riƙe makarantar firamare guda yadda ya kamata? Abin da nake so mu duba ke nan.

Asalin kafa ta

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sun tarar da makarantun allo da na ilmi ko'ina cikin ƙasa. Sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addini ba, saboda haka aka taƙaita wa 'yan mishan shiga ƙasashen sarakunan Musulmi. A nan Kudu 'yan mishan ne suka kawo boko, suka horar da malamai. A Arewa kuwa nauyin ya faɗa kan gwamnati da En'e. Cikin 1909 wani Bature mai suna Hanns Vischer, wanda mutanen Kano suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano, inda aka tara 'ya'yan sarakuna da wasu malamai ana koya musu rubutun boko da lissafi da Hausa. Daga nan ne aka yi ta buɗe makarantun lardi a manyan garuruwa.

Nan da nan matsala ta bayyana. Ga makarantu, ba masu koyarwa. Ɗauko Bature daga Ingila domin kowane aji abu ne mai tsada, kuma Turawan ba su son kawo malamai daga Ikko, don suna tsoron kada su shigo wa 'yan Arewa da ra'ayin ja da mulkin mallaka. Sai aka yanke shawarar a gina wurin da za a horar da 'yan ƙasa su koyar da 'yan'uwansu. An fara karatu a Kwalejin Horon Malamai ta Katsina cikin 1921, Gwamna Hugh Clifford kuma ya zo ya buɗe ta a hukumance cikin 1922.

Ba haka kawai aka zaɓi Katsina ba. Gari ne da ya yi suna a ilmi tun zamanin su Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, ga hasumiyar Gobarau nan tana ba da shaida, saboda haka iyaye ba za su ji ƙyamar tura 'ya'yansu can ba. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko mutum ne mai son sabon abu, ya ba da goyon baya ƙwarai. Kuma a lokacin hanyar jirgin ƙasa ba ta bi ta garin ba, Turawa suna ganin hayaniyar bariki ba za ta ɗauke hankalin samari ba.

Yadda ake renon malami

Abin da ya fi ba ni sha'awa a tarihin nan shi ne, ba a barin mutum ya zama shugaba da ka. Tun daga ranar da aka zaɓo yaro har ya yi furfura ana biye da shi, ana ɗaga shi daga wannan mataki zuwa wancan.

Farkon abin shi ne zaɓe. Kowane lardi yakan turo 'yan ƙalilan daga cikin yaran da suka fi hazaƙa a makarantarsa, malamansu sun san su, sun san halinsu, sun san gidajensu. Don mai karatu ya gane ƙarancin waɗanda ake ɗauka, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya shiga a 1928, shekara bakwai bayan an fara, amma lambarsa a rajista 145 ce. Idan ka raba, kusan mutum ashirin ke nan a shekara, daga Arewa kaf. Malamin da ke da ɗalibai kaɗan haka, ai babu wanda zai ɓuya masa.

Karatun shekara biyar ne. Ana koyar da Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da dabarun koyarwa, ba a kuma bar Larabci da addini ba. An matsa wa furucin Turanci ƙwarai, shi ya sa daga baya Turawa da kansu suke mamakin muryar Tafawa Ɓalewa idan yana jawabi. Ɗalibai suna zaune gida-gida, kowane gida da shugabansa daga cikinsu, shi zai kula da tsabta da kiyaye lokaci, shi zai sasanta rigima, idan kuwa abu ya lalace shi za a fara tambaya. Ga wasanni kamar kurket da ƙwallon bangon nan da ake bugawa da tafin hannu, wadda Sardauna bai daina buga ta ba har ya zama Firimiya. Ka ga tun yana saurayi an ɗora masa amanar mutane, an ga yadda zai yi da ita.

Idan ya gama, sai a mai da shi lardinsu ya koyar. Wajen 1930 aka sake tsarin makarantu aka kafa makarantun midil, kuma 'yan Kwalejin Katsina ne suka zama ƙashin bayansu. Ahmadu Bello ya gama a 1931 ya koma Midil ta Sakkwato. Abubakar Imam ya gama a 1932 ya koyar a Midil ta Katsina. Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933 ya koma Midil ta Bauci. Kashim Ibrahim ya koma Barno tun 1929. Mutum yana koyarwa a garin da aka san ubansa, idan ya yi abin kunya ba inda zai sa kansa.

Daga nan sai hawa. Wanda ya nuna ƙwazo a aji sai a ba shi riƙon gidan kwanan ɗalibai, in ya iya sai ya zama hedimasta, kamar yadda Tafawa Ɓalewa ya zama a Bauci, Aliyu Makaman Bida kuma ya zama a Bida. Akwai kuma muƙamin malami mai zagayawa, wanda zai bi makarantun elementare na ƙauyuka, ya zauna a bayan aji ya saurari yadda ake koyarwa, ya duba rajista da littattafan yara, ya gyara wa ƙaramin malami kuskurensa, ya kuma rubuta rahoto. Kashim Ibrahim ya yi wannan aiki a Barno. Ta wannan zagaye ake gano yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa a ƙauye a tura shi midil, ake kuma gano malamin da ya isa a ɗaga shi.

Matakin ƙarshe shi ne ƙaro ilmi bayan an ga aikin mutum. A 1945 aka tura rukunin farko na malaman Arewa zuwa sashen koyon aikin malanta na Jami'ar Landan, cikinsu akwai Tafawa Ɓalewa da Yahaya Gusau. A 1946 aka tura wasu, cikinsu akwai Malam Aminu Kano. A lura fa, Tafawa Ɓalewa sai da ya yi shekara goma sha biyu yana koyarwa kafin a kai shi Ingila. Da ya dawo aka ba shi kula da makarantun En'e ta Bauci. Malam Aminu kuwa da ya dawo, shi ya tsaya aka kafa Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, sannan aka tura shi makarantar horon malamai ta Maru.

Mu 'yan kasuwa wannan tsari ba baƙo ba ne a wurinmu. Maigida a harkar goro ba ya ɗaukar yaro yau ya danƙa masa jari gobe. Sai ya fara da ɗaukar huhu, ya koyi ƙirga ƙwarya, ya san goro mai kyau da mai ƙwari. Sannan a aike shi da ɗan kuɗi kaɗan a ga ko canji zai dawo cif. Bayan shekaru a haɗa shi da kaya ya raka su Arewa. Sai an gama gwada shi ta kowace fuska ake sallamarsa da jarin kansa. Abin da Kwalejin Katsina da En'e suka yi da malamai ke nan.

Ɓangaren Larabci ma an yi masa irin wannan tanadi. A 1934, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar koyon shari'a a Kano da malamai daga Sudan, wadda a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci. Malam Abubakar Gumi a nan ya yi karatu, ya koyar a Maru, aka tura shi Sudan ya ƙaro ilmin koyarwa, har a 1962 ya zama Babban Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa. Saboda haka mu 'yan Islamiyya kada mu ɗauka wannan labari na 'yan boko ne kaɗai.

Inda tsarin ya gaza

Kada yabo ya hana mu faɗin gaskiya. Ƙofar kwalejin nan ƙarama ce ainun. Yawancin waɗanda suka shiga 'ya'yan sarakuna ne da hakimai da alƙalai da barorinsu, ko da yake akan sami irin su Tafawa Ɓalewa wanda mahaifinsa ba basarake ba ne. Mace ko guda ba ta shiga ba. Makarantun 'yan mata na gwamnati sai a 1930 aka fara su a Kano da Katsina, cibiyar horon malamai mata kuwa sai a 1939 aka buɗe ta a Sakkwato. Mutanen Arewa da ba Musulmi ba, wani wuri dabam aka yi musu a Toro. 'Ya'yan fatake irin kakanninmu da suka riga suka zauna a Sabo ta Ibadan tun 1916, ko Shagamu, ko Agege, ba su cikin lissafin kowa. En'en Arewa ba ta san da su ba, su kuma ba su yarda su kai 'ya'yansu makarantar mishan ba. Wannan giɓi har yau muna jinsa a jikinmu.

Kuma Turawa ba don su samar da masu karɓe mulki daga hannunsu suka gina kwalejin ba. Malamai da ma'aikatan En'e masu biyayya suke so. Allah ne ya juya abin. A Bauci cikin 1943 malaman nan da Malam Sa'adu Zungur suka fara taron muhawara inda ake tattauna al'amuran mulki, a 1950 kuma Tafawa Ɓalewa ya miƙe a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa mulkin En'e gyara.

Yadda aka cinye iri

Da siyasa ta kankama bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka kafa majalisu a Kaduna da Ikko, sai aka shiga neman 'yan Arewa masu jin Turanci da za su iya tsayawa gaban jama'a su yi magana. Ina za a same su? Sai a aji. Sardauna tun a 1934 ya bar koyarwa ya zama hakimin Rabah. Abubakar Imam ya koma Zariya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Isa Kaita ya bar Midil ta Katsina ya tafi aikin rediyo a Ankara lokacin yaƙi, daga baya ya zama ministan ilmi na Jihar Arewa. Malam Aminu ya ajiye aiki a 1950 ya rungumi NEPU. A 1952 Makaman Bida ya zama minista a Kaduna, Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim suka zama ministoci a Ikko. Shehu Shagari, wanda ya koyar a Midil ta Sakkwato ya kuma riƙe makaranta a Argungu, ya shiga majalisar wakilai a 1954. Ga kuma manufar gwamnatin Sardauna ta cike ofisoshi da 'yan Arewa, wadda ta kwashi wasu malaman ta mai da su Di'o-Di'o da manyan sakatarori.

Ƙasa ta amfana, wannan ba musu. Amma makarantu sun yi asara, domin manomin da ya dafa irinsa ya ci, daminar baɗi sai ya yi roƙo. Ita kanta kwalejin ta sauya aiki. An mai da ita Kaduna a 1938, aka kai ta Zariya a 1949, aka sa mata suna Barewa a 1971, ta zama makarantar sakandare mai fid da sojoji da likitoci da ma'aikata, irin su Janar Yakubu Gowon da Janar Murtala Muhammad. Tun daga lokacin yaro mai hazaƙa ya daina ɗaukar koyarwa a matsayin hanyar ɗaukaka.

Mu dubi abin da aka yi a nan Yamma don mu gwada. Gwamnatin Awolowo ta bayyana shirinta na ilmin firamare kyauta a 1952, amma ba ta fara ba sai a 1955. Shekara ukun nan an yi su ne ana gina azuzuwa ana horar da malamai. Da aka fara, yawan yara ya tashi daga wajen 457,000 zuwa wajen 811,000 cikin shekara guda, kuma duk da wannan shiri sai da aka ji jiki.

A 1976 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin UPE a ƙasa baki ɗaya. An yi tsammanin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya, sai ga kusan miliyan 3. Niyyar mai kyau ce, kuma 'ya'yan talakawa da yawa ta nan suka sami karatu. Amma malamai ba su isa ba. Aka shiga horon gaggawa, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a wannan shekara don ƙara wa na bakin aiki ilmi. Saurayin da da zai yi shekaru yana koyo a ƙarƙashin wani, sai ya wayi gari shi ne hedimasta, don babu wanda ya girme shi a makarantar. Mai duba makarantu guda aka jibga masa makarantun da ba zai iya zagaye su ba. Da kuɗin man fetur suka ja baya bayan 1981, albashin malamai ya riƙa makalewa wata da watanni, masu hanya suka gudu. A wurare da dama muƙamin hedimasta ya koma abin da ake samu ta hanyar daɗewa a aiki ko sanin wani a sakatariyar ƙaramar hukuma.

Gwamnati ta yi yunƙurin gyara. A 1992 aka kafa wata cibiya ta ƙasa a garin Ondo don horar da masu tsara ilmi da shugabannin makarantu, a 1993 aka yi dokar hukumar rajistar malamai, a 1999 kuma aka ƙaddamar da UBE a Sakkwato. Duk da haka, a 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa, gwamnati ta ce 21,780 ba su ci ba. An yi ta gardama kan yadda aka yi jarrabawar, amma ni abin da na tambayi kaina shi ne, duk shekarun da waɗannan bayin Allah suka yi suna shiga aji, ina hedimastocinsu, ina masu dubawa? Da akwai mai zama bayan aji kamar yadda Kashim Ibrahim ya yi, da an gyara na gyarawa tun da wuri.

Abin da ya rage garemu

Jama'a, ban kawo wannan tarihi don mu yi ta kukan da ba. Kwalejin mutum ashirin a shekara ba za ta ishi ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 ba, kuma ba mai fatan a koma zamanin da ake rufe wa mata da 'ya'yan talakawa ƙofa. Abin ɗauka a ciki shi ne, shugaban makaranta renonsa ake yi, kuma reno yana cin shekaru.

Mu dubi unguwanninmu. 'Ya'yanmu suna makarantun gwamnatin jihohin da muke zaune, amma malamai nawa ne 'ya'yanmu a cikinsu? Hedimasta nawa? Idan aka kira taron iyaye da malamai, mu nawa ke rufe shago su je? Makarantun Islamiyyarmu kuwa, sau da yawa mutum guda ne ke ɗauke da su a ka. Ranar da ya rasu ko ya koma gida Arewa, sai a shiga lalube, a ɗauko ɗansa ko ƙanensa a ɗora, ko ya iya ko bai iya ba, bayan shekara biyu a ga yara sun watse.

Shawarata ga ƙungiya ita ce, kowace shekara a zaɓi yara biyu ko uku, mata da maza, waɗanda malamansu suka shaide su da hazaƙa da natsuwa, a ɗauki nauyinsu su yi karatun malanta, bisa yarjejeniyar za su dawo su koyar a unguwa na wasu shekaru. Kwalejojin ilmi na tarayya suna nan kusa a Abeokuta da Oyo, ba sai an je nesa ba. Kowace Islamiyya kuma a sa wa shugabanta mataimaki matashi, a bar masa rajista da kuɗin wata da tsara darussa, a kuma sami dattawa biyu masu ilmi su riƙa leƙawa suna zama bayan aji. Wanda ya yi shekara biyar yana aiki tsakani da Allah, a tura shi ya ƙaro karatu da kuɗin ƙungiya. Sannan mu biya su abin da zai riƙe su, domin idan albashin malami bai kai abin da ɗan acaɓa ke samu a mako ba, kada mu yi mamaki idan ya ajiye alli.

Kuɗin da muke kashewa a biki guda ya isa ya karantar da yaro guda har ya gama. Ina fata kwamitin ilmi zai sa wannan magana cikin abubuwan da za a tattauna a babban taro mai zuwa.

Allah ya ji ƙan magabatanmu da suka koyar, ya gafarta musu kurakuransu, ya shirya mana zuriya, ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu.